Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Masana'antar Sarrafa Tsohuwar Takarda

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Hakimi, iyayenmu masu unguwanni, ma'aikata da 'yan'uwanmu 'yan bola jari da ke kawo mana kaya, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka ratso har Sharaɗa, unguwar masana'antu ta nan Kano, don ka gane wa idonka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Tun da manyan masana'antun takarda na ƙasar nan suka durƙushe, irin ta Jebba da aka buɗe a 1969, da ta Iwopin da ta Oku Iboku, abin da ya rage wa irinmu shi ne tsofaffin jaridu, littattafan makaranta da kwalaye. Muna jiƙa su, mu dama, mu fitar da sabuwar takarda. Sai dai kullum akwai wani taɓo mai ruwan toka da ke saura. Shekaru muka yi muna loda shi a tifa ana zubarwa, in damina ta zo ruwa ya kwashe shi zuwa kwata. Wallahi abin yana damuna, domin 'ya'yanmu ne ke wasa a bakin kwatocin nan.

Ranka ya daɗe, abin da muke kira toka a cikin taɓon nan ba tokar murhu ba ce. Farar ƙasa ce, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da garin alli, waɗanda aka zuba wa takarda tun farko don ta yi fari da santsi. Wani lokaci sukan kai rabin nauyin taɓon in ya bushe. Sauran kuwa guntayen zaren itace ne masu amfani.

Yanzu mun koyi raba su. Muna tsinka taɓon da ruwa, mu bi da shi ta rariya mai ƙananan idanu, kamar yadda uwargida ke tace gasara. Zaren ya tsaya a sama, farin ruwan ya wuce tafki ya kwanta. In ka damƙi abin da ya tsaya a rariyar, za ka ji shi kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Da shi muke buga kiret ɗin ƙwai. Abin da ya kwanta kuma muna shanya shi, mun fara gwada shi a bulo, ruwan ya koma injin.

Kukanmu biyu ne. Wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki, taɓon ya daskare a bututu, yara su wuni suna fasa shi da hannu. Sannan muna roƙon ma'aikatarka ta sa a auna ƙarfin bulon nan a ɗakin gwaji, don magina su saya da kwanciyar hankali.

Ranka ya daɗe, an kunna injin, ga takalman roba nan an ajiye maka. Bismillah, mu ƙarasa wajen rariyar.