Me ya sa haruffan da kuka yanka suke fitowa a juye?

Kwanan nan hotunan allunan nuni suna ta yawo: an yanka haruffa tsaf, launi ya fito, amma S ya juya baya, N kuma ya karkace ta inda bai kamata ba. Masu aikin duk tambayarsu ɗaya: an ce a yi zane a bayan kwali, mun yi, me ya faru?

Kayan aikin dai ga su nan. Kwali mai launi, mai nauyin giram 160 zuwa 220 a kowace murabba'in mita, rular ƙarfe, fensir, wuƙar yanka mai sabuwar reza, abin ɗorawa don kada a yanki tebur, sai gam. Girman harafi kuwa, masu rubuta alluna suna ba da tsayin santimita 2.5 ga kowace mita 3 da mai karatu zai tsaya daga allon.

To, ga inda gizo yake saƙar. Shawarar zane a baya daidai ce, don ta haka ne sawun fensir da gurzar kilina ba za su ɓata fuskar kwalin ba. Abin da ba a faɗa muku shi ne, da zarar kun kifa kwalin, dama ta koma hagu. Saboda haka duk abin da za ku zana a baya, sai ku zana shi a juye, yadda zai bayyana a madubi.

Ga misali. Na rubuta R daidai a baya, na yanka, na juyo shi. Sai ga ƙafarsa ta koma hagu. Wannan babu gyara, sai dai sabon kwali.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne, akwai manyan haruffa 11 da juyi ba ya canza su: A, H, I, M, O, T, U, V, W, X da Y. Mutum zai yanka uku ko huɗu lafiya lau, hankalinsa ya kwanta, sai ya zo kan S ko N ko Z. Waɗannan ukun su suka fi cin mutane, domin ido ba ya saurin kama su, har sai an manna an ja da baya. A ƙananan haruffa abin ya fi muni, b ya zama d, p ya zama q. Ƙ da Ɗ da Ɓ kuwa, lanƙwasar tana komawa gefen da ba nata ba.

Ko waɗancan 11 ɗin ma kada ku sakankance. Idan salon rubutun mai kauri da siriri ne, irin Times New Roman, ku duba A ɗinsa: ƙafar hagu siririya, ta dama kakkaura. In ya juye, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya nuna shi da yatsa ba.

Ni a ganina, kada ma ku wahalar da kanku da zanen juye daga ka. Ku rubuta kalmar daidai a takarda mai shara-shara da fensir mai laushi, ku kifa ta a bayan kwalin, ku bi layin ta sama kuna dannawa. Ga shi nan, baƙin fensir ya sauka a juye da kansa. Mai firinta kuma ya zaɓi bugun madubi kafin ya buga. Kafin reza ta taɓa kwali, ku kai shi gaban madubi. In kun karanta kalmar daidai a ciki, ku yanka.

Sauran aikin da sauri. Ku fara da ramukan ciki, na A da O da B, tun kwalin yana da ƙarfin riƙewa. Miƙaƙƙen layi a bi rula. A wajen lanƙwasa, kwalin za ku riƙa juyawa, hannu yana wuri ɗaya. Reza ta fara jan gashi a gefe, ku canza ta, kada ku ƙara ƙarfi.

Ku jera haruffan duka a kan allo kafin gam. Tazara da ido ake yinta: A da V sai an matso da su, H da I kuma a ba su fili. Gam na sanda ya fi, don mai ruwa yana sa kwali ya yamutse. Ku fara mannawa daga harafin tsakiya, ku yi hagu da dama, kalmar za ta zauna a tsakiyar allon.