Darasi: Yadda za ka ɓoye makullan shafinka kafin ka tura kod GitHub

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, daga nan Kaduna. In kun ji ƙarar janareta a baya ku yi haƙuri, na maƙwabta ne. Toh yau ba zanen shafi za mu yi ba, wancan shagon sayar da atamfa da muka fara ginawa da Laravel yana nan, amma kafin mu ci gaba dole mu tsaya a kan fayil ɗin .env, wato inda ake ajiye fasuwod da makullan sirrin shafi, saboda cikin ayyukan da kuka turo min in duba na ga abin da ya tayar min da hankali wallahi. Mutum ya yi aiki mai kyau, launi ya zauna, shafi na buɗewa da sauri a waya, amma makullinsa na sirri na Paystack, kamfanin da ke karɓar masa biyan kuɗi a intanet, yana zaune a GitHub kowa na gani.

Na ɗauka kowa na da Git da VS Code, ba zan koma kan wannan ba. Ku buɗe foldar aikin. Ga .env nan, a ciki akwai fasuwod ɗin databes, akwai APP_KEY, akwai na imel, sannan ga makullan Paystack guda biyu. Wanda ya fara da pk shi ne na fili, ba laifi in burauza ta gan shi, don haka aka yi shi. Wanda ya fara da sk shi ne na sirri, shi kam daga sabarka sai Paystack. Nawa da kuke gani sk_test ne na gwaji, shi ma ina gama bidiyon nan zan canza shi. Duk wanda ya riƙe sk_live ɗinka zai iya magana da Paystack da sunanka, ya ga bayanan kwastomomi, ya mayar da kuɗin cinikin da aka riga aka yi.

Laravel yana zuwa da .gitignore, fayil ɗin da ke lissafa abubuwan da Git zai ƙyale kada ya tura, kuma sunan .env na ciki tun farko, matsalar tana zuwa ne in ka kwafi folda daga filashin aboki, ko kana rubuta PHP zalla ko Node ka ƙirƙiri komai da hannunka. Sai ka buɗe sabon fayil, sunansa ɗigo gitignore, ka rubuta .env a layi ɗaya, vendor a ƙasa, node_modules a ƙasa. Masu Windows ku kula, in da Notepad ka yi shi zai iya liƙa masa .txt a ƙarshe kuma Windows ta ɓoye maka, kana ganin .gitignore alhali .gitignore.txt ne, Git ko kallonsa ba zai yi ba. Ku yi shi a cikin VS Code kawai ku huta.

Yauwa, ga inda nake so ku natsu, don nan ne mutane ke ruɗewa kuma wurin ya daɗe yana ba ni ciwon kai lokacin da nake koyo. Shi .gitignore ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya sani. In ka taɓa yin komit da .env, wato ka adana shi a tarihin Git, ko sau ɗaya, ko ka rubuta sunansa a .gitignore yanzu, Git zai ci gaba da bin sa, duk canjin da ka yi a ciki zai tafi. Sai ka ce masa ya sake shi. A tamina ku rubuta git rm, sai... a'a tsaya, kada ku danna enta tukuna, git rm --cached .env, da layi biyu kafin cached. Wannan cached ɗin shi ne komai. In babu shi zai goge fayil ɗin daga kwamfutarka gaba ɗaya, in akwai shi zai cire shi ne daga lissafin Git kawai, naka na nan a folda. Kun ga ya rubuta rm .env, amma ku duba gefen hagu, fayil ɗin bai tafi ko'ina ba, launinsa ne kawai ya dushe. Sai komit, sai turawa, wannan kun iya.

Toh yanzu in ka leƙa GitHub ba za ka ga .env ba, sai ka ce Alhamdulillah an wuce wurin. Ba a wuce ba. Ku rubuta git log --all -- .env ku gani. Ga tsohon komit ɗin nan, in na kwafi lambarsa na yi git show, ga fasuwod ɗin a fili ɓaro-ɓaro. Aikin Git kenan dama, ajiye tarihi. Akwai git filter-repo da ke share fayil daga tarihi duka, sai ka tura da ƙarfi, amma wanda ya riga ya sauke ripo ɗin fa, wato ma'ajiyar kod ɗinka, ko ya yi fok, ya kwafe shi zuwa nasa akawun? Yana da kwafinsa. Kuma akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bin sababbin komit a GitHub suna tsintar makullai, ba sai wani ya san ka ba. Saboda haka ni shawarata ɗaya ce, makullin da ya taɓa fita ka canza shi. In makullin shagonka ya faɗi a Kasuwar Barci ai ba za ka zauna kana fatan ba wanda ya tsinta ba, kwaɗo za ka canza. A Paystack ka shiga Settings, wajen API Keys, akwai inda za ka samar da sabon makullin sirri, ka sa shi a .env na saba. Fasuwod ɗin databes ma ka canza. In ka taɓa yin config:cache, umarnin da ke sa Laravel ya adana kwafin saitinka, to ka sake yi, in ba haka ba Laravel zai ci gaba da karanta tsohon kana ta mamakin me ya sa biya ba ya shiga.

Tun 2024 GitHub na tare turawa a ripo na fili in ya hango makullin da ya gane, abu ne mai kyau, amma fasuwod ɗin databes ɗinka da ka ƙirƙira da kanka ba lallai ya gane shi ba, kada ka jingina da shi.

Masu React ku ma da ku nake. Wasu na ganin tunda sun sa abu a .env to ya ɓuya. Duk abin da ya fara da VITE_ ko NEXT_PUBLIC_ cikin JavaScript ɗin da ke sauka a wayar mutane yake shiga, kowa ya danna F12 ya bincika zai gani. pk ne kawai ke zama a can.

Sai cPanel, inda ake ɗora fayilolin shafi a saba. Akwai wata makaranta mai zaman kanta a wajen Kawo da aka kira ni in duba musu shafin biyan kuɗin makaranta, wanda ya yi musu aikin ya juye foldar Laravel ɗungurungum cikin public_html, foldar da duniya ke iya buɗewa. Na rubuta adireshin shafin na ƙara /.env a ƙarshe, sai ga komai ya fito a burauza, a gaban shugaban makarantar. Sunayen yara da lambobin iyayensu suna cikin wannan databes ɗin fa. Foldar public kaɗai ya kamata duniya ta gani, sauran su zauna a sama da public_html. Kowa ya tsayar da bidiyon nan ya gwada a nasa shafin yanzu, in ka ga 404 ko 403 madalla. Kuma APP_DEBUG da ke cikin .env ya zama false a saba, don kada saƙon kuskure ya tona sirrinka. Wannan ba maganar kunya ba ce kawai, dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ce in bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta ƙasa, cikin awa 72. Mai makaranta ba zai san .env ba, kai ya ba amana.

 

Abu na gaba sikirinshot. Kod ya ƙi aiki, ka ɗauki hoton sikirin ka jefa a guruf ɗin WhatsApp ko Facebook kana neman taimako, .env na buɗe a gefe. Guruf mai ɗaruruwan mutane, ka san su duka? Ina son yadda muke taimakon juna a gurufan nan, da yawanmu a nan muka samu aikin farko, amma ka rufe fayil ɗin kafin ka ɗauki hoto, ko ka kwafo saƙon kuskuren kawai. Wanda kuke aiki tare ka ba shi .env.example, sunayen kawai babu sirrin, ya cika da makullan gwaji.

Shi kansa akawun ɗin GitHub, tun 2023 suka fara tilasta wa masu tura kod tabbaci mai mataki biyu. Ni na fi son manhaja irin Google Authenticator a kan saƙon tes, don layi ana iya yin welkom bak ɗinsa a bayan idonka, ga kuma ƙwacen waya. Lambobin ceto da za su ba ka ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, kada ka bar su a cikin wayar da za a iya ɗaukewa.

Batirin laftof ɗina ya yi ja, bari mu tsaya nan. A darasi na gaba za mu haɗa webhook, wato saƙon da Paystack ke turo wa sabarka in an biya, mu ga yadda ake tantance sa hannun x-paystack-signature don kada wani ya turo maka biyan ƙarya, kuma ku tuna Paystack da kwabo yake lissafi, naira 5,000 za ka rubuta 500000. Wanda ya gwada /.env ya ga wani abu ya fito, ya gyara tukuna kafin ya yi magana a kwament. Sai mun haɗu.