Jirgin da ya ci ƙasa da hanci: maganar santimita 8

[Hoto: ɗan bidiyon da ke yawo a WhatsApp, yadda yake, da surutun yara]

Assalamu alaikum jama'a. Na san wannan ɗan bidiyon ya shigo salularku, don ni kaina sau bakwai aka turo mani shi cikin kwana biyu. Jirgin wasa ne mai rimot, fari da ja, a wani fili nan bayan garin Tawa. An ba shi wuta, ya taka kamar da gaske, wutsiya ta ɗaga, sai kif! Hanci a ƙasa, farfela ta rabu biyu, yara suka bushe da dariya.

[A maimaita, a hankali]

Kowa da fassararsa. Wasu sun ce inji ne ba ƙarfi, wasu sun ce yashi ne. Wani dattijo a majalisar shayinmu cewa ya yi, jirgin da aka yi a ƙasar Sin ina zai san halin ƙasar Adar? Na ce Baba, ai babur ɗin da ka zo a kai ma can aka yi shi. To mai jirgin ƙanen abokina ne, ya kawo mani shi gida, na duba. Inji lafiya lau, rimot lafiya lau. Abin da ya kayar da shi tazara ce ta santimita 8 a ƙarƙashin ciki, kuma a kanta za mu daɗe yau. Sauran aikin haɗawa, da gudu za mu wuce shi.

[Hoto: tabarma, kwali a buɗe, kaya a jere]

Ga irinsa sabo a kwali. Gangar jiki ta kumfa, fiffike mai tsawon mita 1 da santimita 30, wutsiya kashi biyu, inji, ɗan allon da ke daidaita wutar inji, sarbo huɗu masu giram 9, wato ƙananan injunan da ke motsa sassan wutsiya da na fiffike, farfela, da ƙafafu. Batir da rimot daban ake saye, kada mai shago ya ce maka suna ciki ba ka buɗe ka gani ba.

[Hoto cikin sauri: hannuwa na aiki]

Wutsiya tukuna. A liƙa ta kwance, a hango ta daga baya ta yi daidai da fiffike, sannan ta tsaye. Gam mai kwalba biyu nake sa wa, wanda ake cakuɗawa. Gam ɗin bindiga, wannan da ake narkawa, yana da sauri, amma ka bar jirgi cikin mota a rufe a watan Afrilu ka dawo, za ka tarar da wutsiya ta sunkuyar da kai kamar mai neman gafara. Ya faru da ni. Shi kuma gam ɗin nan mai kamawa nan take, akwai kumfar da yake cinyewa, ku gwada shi a guntu kafin ya taɓa jirgi.

Sarbo su zauna, a kunna rimot su tsaya tsakiya, sannan a ɗaura wayoyi. Farfela kuwa tana gefe, ba ta hawa sai an gama komai. Wanda ya taɓa ganin abin da take yi wa yatsa ba sai an roƙe shi ba.

[Hoto: a kifa jirgin, kyamara ta matso cikinsa]

Yanzu ku matso. Kun ga tsaga biyu a cikin nan? Ɗaya a gaba, daidai ƙarƙashin bakin fiffike na gaba. Ɗaya a baya. An yi su biyu ne saboda jirgin yana karɓar ƙafa iri biyu. Iri na farko: taya ɗaya a hanci, manya biyu a tsakiya, kamar adaidaita. Iri na biyu: manya biyu a gaba, ƴar ƙarama a wutsiya, jirgi ya zauna hancinsa sama kamar zakara zai yi cara.

Yaron nan da irin adaidaita ya fara. Tayar hanci ta riƙa nutsewa a yashi, sai ya ce bari ya koma ɗaya irin. Ya kwance tayar hanci, ya sa ƙarama a wutsiya. Shi ke nan. Manyan biyun ya bar su a tsagar baya. Kuma abin da ya yaudare shi, da ya ajiye jirgin a ƙasa, zama ya yi daram a kan wutsiyarsa, har da batir a ciki. Wa zai ga haka ya ce akwai matsala?

Sai mun san abu ɗaya tukuna, cibiyar nauyi.

[Hoto: jirgi a kan yatsu biyu, ƙarƙashin fiffike]

Batir na ciki, a wurin da zai zauna lokacin tashi. Yatsa ɗaya nan, ɗaya can, a ɗaga. Inda jirgi ya tsaya bai rinjaya gaba ba, bai rinjaya baya ba, nan ce cibiyar nauyinsa. Ga irin wannan fiffiken, wurinta tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu ne da kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, in ka auno daga baki. Faɗin nawa santimita 21 ne, cibiyar tana kan 6. Na ɗiga mata biro. Wannan ɗigon shi ne sarki, tayoyi fadawansa ne, inda ya ce a zauna nan ake zama.

Duk wanda ya tashi a Tawa ya san wannan lissafin ko bai shiga aji ba. Amalanken jaki. Ka loda buhuna gaban tayoyi, nauyi ya sauka a bayan jaki. Ka tura su bayan tayoyi, amalanke ya ɗaga, wani lokaci har da jakin, ƙafafu na lilo a sama. Nauyi yana faɗawa ɓangaren da ya fi, kuma dole a samu abin da zai tare shi a wannan ɓangaren.

To jirgi mai tayar hanci, manyan tayoyinsa suna bayan ɗigo, nan wajen santimita 2. Nauyi na son faɗawa gaba, tayar hanci ta tare. Mai tayar wutsiya kuwa, manyan dole su kasance gaban ɗigo, nauyi ya faɗa baya, ƴar ƙaramar ta tare. A nawa, gindin tayar yana ƙarƙashin bakin fiffike, santimita 6 gaban ɗigo. Biyu a baya, shida a gaba. Ga santimita 8 ɗinku.

Amma in haka ne, me ya sa na yaron ya zauna a wutsiya bai kife tun a ajiye ba? Nan ne mutane ke ruɗewa, don haka ku duba da kyau.

[Hoto: zare da ɗan noti a rataye daga ɗigon, ta gefe]

Na rataya zare daga ɗigo. Jirgi a miƙe, cikinsa daidai da ƙasa: zare ya sauka gaban taya. Yanzu ina sauke wutsiya a hankali. Ku bi zaren da ido. Yana ja baya, yana ja baya, ya zo kan taya, ya wuce. Dalili, cibiyar nauyi ba a ƙasa take ba, tana sama da gindin taya da wajen santimita 14. In jirgi ya jingina baya da digiri 12, wannan tsayin yana kai ta baya kusan santimita 3. Cire 2 ɗin da take gaba, saura 1. Da santimita 1 tak jirgin nan yake zaune a wutsiyarsa, kamar tulu a bakin rijiya.

Sai aka ba shi wuta. Iskar farfela ta bugi wutsiya, wutsiya ta ɗaga, jirgi ya miƙe. Zare ya dawo gaban taya. Kuma tayar hancin da za ta tare tana cikin aljihun yaro. Ƙara da cewa inji na ja ta sama, yashi na riƙe taya ta ƙasa.

[Bidiyon farko kuma, a tsayar daidai lokacin da wutsiya ta ɗaga]

Nan. Daga wannan hoton babu matuƙin da zai cece shi.

Saboda haka ba a auna wurin taya jirgi na zaune. A sa kwalin ashana ko gwangwanin tumatir ƙarƙashin wutsiya har jiki ya miƙe, sannan a saki zare, sannan a ɗauko rula. In kun manta duk abin da na faɗa, ku riƙe gwangwanin.

Kada kuma wani ya ce to bari in kai su can gaba kusa da farfela in huta. Wannan ma wata rigimar ce. In tayoyi sun yi gaba da yawa, wutsiya ta yi nauyi a ƙasa, jirgi ya riƙa tsalle wajen sauka, kuma da ya ɗan karkace sai gindi ya zagayo ya wuce kai. Wanda ya taɓa tura amalanke da baya ya san abin da nake nufi. Mai tayar wutsiya dama can yana da wannan halin, tunda nauyinsa na bayan tayoyi, kullum yana neman wuce su. Matsar da su gaba ƙara masa taurin kai ne. A wuri mai yashi nakan ƙara santimita 1 gaban bakin fiffike, ban wuce nan.

[Hoto: tsofaffin hotunan jirage biyu, gefe da gefe]

Ba mu kaɗai ba ne, manyan ma sun bi ta nan. Wannan Cessna 170 ne, mai tayar wutsiya. A 1956 kamfanin ya fito da 172, kusan jiki ɗaya, amma da taya a hanci. Ku dubi inda manyan tayoyin suka koma: baya. Wannan 172 ɗin shi ne jirgin da aka fi ƙera irinsa a duniya, sama da 44,000, kuma da shi makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa, saboda a ƙasa yana bin hanya da kansa. Amma masu sauka a jeji, a tsakuwa da ciyawa, da yawansu har yau tayar wutsiya suke so, da manyan tayoyi masu taushi. Farfela ta fi nisa da ƙasa, kuma babu siririyar ƙafa a gaba da rami zai karya.

Wanne za ka zaɓa? Filinka za ka tambaya. In kana da daɓen siminti ko jan burji mai tauri, kuma yanzu kake koyo, sa tayar hanci ka huta. In filin ƙwallon unguwa ne irin namu, rabi tauri rabi rairayi, ga tsidau ga sawun shanu, ni dai tayar wutsiya nake sa wa, in cire ƙananan tayoyin kwali in sa na soso masu santimita 8. Ba su da kyan gani, wani yaro ya ce jirgina ya sa takalmin yayansa, amma suna hawa yashi. Kuma gaskiyar da ba a so: sabon hannu, tashi biyar na farko, cire ƙafafun gaba ɗaya, wani ya jefa maka shi da hannu, ka saukar da shi a kan cikinsa. Sai dai ka kashe inji kafin ya taɓa ƙasa, don maganaɗisun da ke cikinsa yana tsince baƙin ƙarfen da ke cikin yashi, ka ji yana ƙarar-ƙarar.

[Hoto: ana mayar da ƙafafu tsagar gaba, ana ɗaure noti]

Abu biyu kafin mu fita. Bakin tayoyin su ɗan kalli juna ta gaba, kaɗan ƙwarai, yana taimaka masa ya tafi a miƙe. Sannan a koma kan yatsu, domin duk abin da ka cire ko ka ƙara ya taɓa ɗigo. Tayar wutsiyar nan giram 5 ce kawai, amma tana nesa da ɗigo da santimita 60. Kafin ka rama ta a hanci, inda tazarar 20 ce, sai ka sa giram 15. Ni ba na ƙara ƙarfe, batir nake turawa gaba har ɗigo ya dawo wurinsa, in ja layi da biro don gobe.

Batir ɗin nan mai ɗaki uku ne, bolt 11.1. Ba ya son rana, ba ya son huda, ba a cajinsa a kan katifa a tafi masallaci.

[Hoto: fili da sassafe, ƙura na tashi kaɗan]

Ƙarfe bakwai saura. Da hunturu iskar nan daga gabas maso arewa take zuwa, kuma in rana ta ɗaga sai ta ƙara ƙarfi, shi ya sa muke sammako. Mun yi nesa da filin jirgin sama, mun yi nesa da barikin soja, kuma mai unguwa ya san da zuwanmu. A halin da ƙasa ke ciki, abu mai tashi sama ba a fito da shi a ɓoye, a nemi izini wurin hukuma tukuna. Yara ku koma bayana. Kai, mai jar riga, da kai nake.

Hanci ya fuskanci iska. Sandar dama ta rimot na ja ta baya kaɗan, don wutsiya ta danne ƙasa. Wuta a hankali, ba a watsa ta gaba ɗaya. Zai ja hagu, halin farfela ne, sai a taɓa masa dama kaɗan. Ya fara gudu, na saki sanda, wutsiya ta ɗaga.

[Shiru. Ƙarar inji kawai, har ya bar ƙasa]

Jirgin bidiyon nan ne fa, wanda aka yi wa dariya. Sabuwar farfela kawai na sa, na matsar da tayoyi.

[Hoto: zagaye biyu, sannan sauka]

Wajen sauka a rage wuta, a bar shi ya nutso da kansa, dab da ƙasa a ja sanda a riƙe. Ya taɓa, ya yi tsalle ɗaya, wannan laifin hannuna ne. Ƙafar hagu ta ɗan buɗe, da filaya za a mayar da ita. Ƙanena, zo ka karɓi rimot, batir na biyu naka ne. Wannan akuyar kuma wani ya kore ta daga kan hanya.