Surutu a Bakin Rumawa da Jikokinsu

Assalamu alaikum. Jama'a, a Latin, harshen Rumawa, surutu sunansa loquacitas, daga loqui, wato yin magana. Mai surutu kuma loquax. Cicero, shahararren marubucin Rumawa, a littafinsa kan tsufa da ya rubuta a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa a bakin dattijo Cato, wani tsohon ɗan siyasar Rum, cewa shi tsufa dama da surutu yake zuwa. Iyayena na sahun gaba ku yi mini afuwa, ba ni na faɗa ba.

In kun buɗe ƙamus na harsunan da suka fito daga Latin, za ku tarar da loquacità a Italiyanci, loquacité a Faransanci, locuacidad a Sifaniyanci, loquacidade a harshen Fotugal. Kama kamar an tsaga kara, har mutum ya ɗauka gado ne. To aro ne. Masu ilimi ne suka ɗauko ta daga littattafai bayan ƙarnuka, suka ɗan gyara mata wutsiya. Kalmar da ta bi ta bakin talakawa ai zaizayewa take yi. Ku dubi aqua, ruwa: kafin ta iso Faransancin yau ta koma eau, ana furta ta "o" kawai. Ita kuwa loquacité ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Shi kansa loqui mutuwa ya yi a bakin mutane, kuma nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Mutanen Sifen da Fotugal suka kama fabulari, daga fabula, wato labari ko tatsuniya. Ya zama falar a Fotugal. A Sifen ya fara da fablar, sai f ta rikiɗe h, kamar yadda farina, garin alkama, ta koma harina, yau ana rubuta hablar amma h ɗin ba a jin ta. Faransa da Italiya kuwa coci ce ta ba su nasu: parabola, misalan da ake bugawa a Linjila, ita ta haifi parler da parlare.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, wace kalma malami ke jefa wa yaro mai surutu a aji? Bavard, ko ba haka ba? Asalinta bave, yawun da ke dalala daga bakin jariri.