Yadda haɗa magunguna ke karya taurin kan bakteriya

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A shekarar 2019 kaɗai, kimanin mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya saboda bakteriyar da ta kama su ta daina jin magani, kamar yadda wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna. Ƙirƙiro sabon magani daga tushe yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, don haka masana suka koma ga wata dabara: a haɗa magani biyu ko fiye, su taru su yi abin da ɗaya ya kasa.

Bari mu fara da penisilin da danginsa. Aikinsu shi ne hana bakteriya gina bangon da ke kare jikinta, sai ta fashe ta mutu. Ita kuma sai ta riƙa fitar da wani sinadari, beta-laktames, wanda ke datse maganin tun kafin ya kai bangon. A 1981 aka fito da Augmentin a Birtaniya, wato amoksisilin, wanda dangin penisilin ne, haɗe da kilabulanik asid. Shi kilabulanik asid ba ya wani kashe bakteriya na a zo a gani. Dogari ne kawai: ya tare sinadarin, ya maƙale masa, amoksisilin ya wuce ya yi aikinsa.

To, bakteriya ba ta naɗe hannu ba. A 2008 aka gano wani sinadarin mai suna NDM-1 a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda ya yi jinya a Indiya. Wannan yana lalata har magungunan kabapenem, waɗanda likitoci ke ajiyewa sai ciwo ya yi tsanani, kuma kilabulanik asid ba ya iya masa komai.

A nan ne dabarar ta fi burge ni. Akwai wani tsohon magani, aztiriyonam, wanda NDM ba ya iya datsewa. Matsalar ita ce, bakteriyar da ke ɗauke da NDM yawanci tana da wasu sinadaran da ke lalata shi. Akwai kuma abibaktam, wanda ba ya taɓa NDM ko kaɗan, amma yana toshe waɗancan sauran. Kun ga kenan kowanne ya rufe ɓarakar ɗan'uwansa. Tarayyar Turai ta amince da wannan haɗin a 2024, Amurka ta bi sahu a 2025.

A tarin fuka kuwa, lissafi ne zalla. A cikin ƙwayoyin cutar tibi, wato tarin fuka, kusan miliyan 1, akan samu guda da ba ta jin maganin isoniyazid. A cikin kusan miliyan 100, akan samu guda da ba ta jin maganin rifamfisin. Huhun majinyaci na iya ɗaukar ƙwayoyi masu wannan yawan, saboda haka in aka ba shi magani ɗaya tak, mai taurin kan ce za ta tsira ta hayayyafa. Samun wadda ba ta jin duka biyun lokaci guda kuwa abu ne mai matuƙar wuya. Dalilin da ya sa ake fara jinyar da magunguna huɗu kenan. Ga masu tibin da ya riga ya bijire, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa bedakwilin da piretomanid da linezolid da moksifuloksasin na wata 6, maimakon jinyar wata 18 ko fiye.

Sai dai ba kowane haɗi ne ke taimako ba, kada wani ya ji wannan ya shiga gauraya magunguna da kansa. Penisilin ya fi cin bakteriyar da ke cikin hayayyafa. In aka haɗa shi da tetirasaikilin, mai tsayar da hayayyafar, yana iya rage masa kaifi. Sabbin haɗin ma ba su tsira ba, domin tuni aka samu bakteriyar Klebsiella da ta sauya fasalin sinadarinta har abibaktam ya kasa riƙe shi yadda ya kamata. Shi ya sa likita kan tura jini ko fitsari ɗakin gwaji, a raini bakteriyar, a ga abin da take ji kafin a zaɓi haɗin da za a ba majinyaci.