Matan mishan da suka ga kisan Armeniyawa da idonsu

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

Ranar 24 ga Afrilun kowace shekara, Armeniyawa a duk inda suke kan yi zaman makoki. A wannan rana ce a 1915 hukumomin Daular Usmaniyya ta Turkawa suka kame shugabanni da masanan Armeniyawa fiye da 200 a Istanbul, daga nan aka shiga korar al'ummar daga garuruwansu na Anatoliya, a Turkiyyar yau, zuwa hamadar Siriya. Akasarin masana tarihi na cewa rayukan da suka salwanta sun kai miliyan ɗaya ko fiye, kuma kisan ƙare dangi ne. Gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda ba, tana cewa ɓarnar yaƙin duniya na ɗaya ce da ta ci kowane ɓangare. To, idan gardama ta kai nan, shaidu ake nema, kuma da dama daga cikin waɗanda suka gani da ido mata ne.

Akwai dalili. A garuruwa da yawa, maza ake fara warewa a fitar da su bayan gari a kashe. Saura mata da yara da tsofaffi, su ake tasa wa ƙeya a ƙafa. Jakadu da ƙananan jakadu, waɗanda duk maza ne, sun aika rahotanni masu nauyi. Amma macen da aka yi wa fyaɗe a hanya ba ofishin jakada za ta je ta faɗa ba. Nas ɗin da ke wanke mata rauni za ta gaya wa, ko malamar da ta koyar da ita, ko mai kula da gidan marayu da ta damƙa wa jaririnta kafin a tafi da ita.

Maria Jacobsen 'yar ƙasar Denmak ce, ma'aikaciyar jinya, ta isa garin Harput na Anatoliya a 1907. Tana rubuta abin da ta gani a littafin ajiyarta da harshenta, kwanan wata bayan kwanan wata: wane ayari ya shigo, a wane hali, me aka yi da yaran. Da Amurka ta shiga yaƙi a 1917, 'yan mishan na Amurka suka bar garin, Jacobsen ta tsaya saboda ƙasarta 'yar ba-ruwanmu ce, ɗawainiyar dubban marayu ta koma wuyanta. A Jubail ta Labanan ta rasu a 1960, a gidan marayun da ta riƙe. A garin Mush kuma, Alma Johansson 'yar Suwidin ta rasa yaran gidan marayunta, aka kwashe su aka hallaka. Ta yi tattaki har Istanbul ta zayyana wa jami'an jakadancin Jamus da na Amurka abin da ya faru, alhali Jamus ƙawar Usmaniyya ce a yaƙin. Ita kuwa Mary Graffam, Ba'amurkiya, cewa ta yi ba za ta rabu da ɗalibanta na Sivas ba; ta bi ayarin korarru har Malatya kafin hukuma ta tilasta mata komawa.

An daɗe ana ɗaukar irin wannan shaida a matsayin kukan mata masu raunin zuciya, wanda ya dace da tara gudummawa a coci, ba da kafa hujja ba. A ganina an zalunce su. Wanda ya duba rubutunsu zai tarar da sunayen ƙauyuka da ranaku, kuma ya yi daidai da abin da ke cikin takardun jakadancin Jamus da Amurka. Su ne suka fi bayyana sace 'yan mata, da auren dole, da raba yara da asalinsu, ɓangaren da rahotannin hukuma kan taƙaita a layi ɗaya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba a rufe ta. Waɗannan mata sun zo ne da aikin yaɗa addini, kuma a rubutun wasu 'yan mishan na lokacin akwai kuɗin goro ga Musulmi. Wannan kuskure ne. Shugabannin gwamnatin Matasan Turkawa, irin su Talat Pasha, su suka tsara korar. Gwamnan Halab ta Siriya, Mehmed Celal Bey, Musulmi ne. Ya ƙi bin umarnin, aka ɗauke shi zuwa Konya, can ma ya ƙi, aka sauke shi. Kurdawan yankin Dersim sun ɓoye Armeniyawa masu yawa, wasu daga cikinsu daga Harput suka tsere.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duniya ta fi saurin gaskata Baturiya mai ba da labari a kan Ba'armeniyar da abin ya faru a jikinta. Karen Jeppe, wata 'yar Denmak da ta ɓoye mutane a gidanta a Urfa lokacin kisan, ta yi abin da ya rage wannan giɓi. A 1921 Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada daga baya, ta naɗa ta aikin ceto mata da yaran da aka tsare a gidajen mutane, ta buɗe gidan karɓarsu a Halab. Kusan mutum 2,000 ne suka bi ta gidan, wasu matan da jarfa a fuska wadda waɗanda suka riƙe su suka yi musu. Wanda ya shigo, a kan ɗauki hotonsa, a rubuta sunansa da na iyayensa da garinsu, da taƙaitaccen labarin da ya bayar da bakinsa. Jeppe ta rasu a Halab a 1935, rajistocin kuwa suna ajiye a Janeba, masu bincike na karanta su har yanzu.