Kafin ka biya kuɗin rajista a gidan horon MMA, je ka kalli yadda suke gwada juna

[Hoto: bidiyon da ke yawo a wayoyi, an rufe fuskoki]

Wannan bidiyon, na san da yawanku kun gan shi. Ni ma an turo mini shi ba sau ɗaya ba. Yaro ne sabon shiga, an sa masa safar hannu, an haɗa shi da wani ƙaton da ya daɗe ana damawa da shi. Ku duba. Naushi na farko. Na biyu. Yaron ya zube, an ɗaga shi, an ce ya ci gaba, na gefe suna ta shewa.

Masu turo mini kuma abu ɗaya suke faɗi: yaya, irin wannan gidan horon muke nema a Katsina, inda ake gasa mutum ya zama namiji.

A nan rikicin yake, kuma don shi na zauna na haɗa wannan bayani. Ƙanena, in ka shiga gida ka tarar da wannan, ɗauki takalminka ka fita.

[Hoto: keji, 'yan wasa biyu suna zagaya juna]

Bari mu share fage da sauri. MMA wasa ne da ya haɗa naushi, shuri, kokawa, da kamun da ake yi a ƙasa. Turmi uku ake yi, kowane minti 5, da hutun minti 1 a tsakani. In na kambu ne, turmi biyar. Kowa da ajin nauyinsa, ba a haɗa mai kilo 70 da mai kilo 84. UFC, babbar gasar MMA da kuke kwana kallo, an fara ta ne a watan Nuwamban 1993 a birnin Denver na Amurka, wanda kuma ya lashe ta a daren wani ɗan Brazil ne siriri, Royce Gracie. Mutum uku ya kara da su, dukkansu a ƙasa suka sallama.

[Hoto: gidan dambe da yamma, kalangu na tashi, sai filin kokawa]

Mu kuma ga abin da muka taso muka gani. A dambe, ka kai ƙasa an kashe ka. A kokawa, ka taɓa ƙasa an kada ka, magana ta ƙare. A MMA kuwa faɗuwa buɗe wani sabon babi ne, faɗan na iya yin minti huɗu cur a kwance. Wannan mai sauƙin fahimta ne, mako biyu a kan shimfiɗa jikinka zai gane da kansa.

Wanda ke da wuyar shiga zuciyar Bahaushe shi ne na gaba.

[Hoto a hankali: an maƙale wuyan wani ta baya, ya bubbuga cinyar abokinsa sau biyu, an sake shi]

Kun ga hannun nan? A maimaita. Taf, taf. An sake shi nan take. Sun tashi, sun gyara riga, sun sake komawa.

Wannan bubbugawar ita ce ginshiƙin wasan gaba ɗaya. Ma'anarta: ka kama ni, na yarda, sake ni mu sake. Mu kuwa tun muna yara an cusa mana cewa namiji ba ya cewa wayyo. Wanda ya ce "na bari" a faɗan unguwa, har ya yi aure ana tuna masa. Shi ya sa yaronmu in aka murɗe masa hannu a wajen horo sai ya cije leɓe, ya ƙi bubbugawa, yana ganin jarumta ce.

To ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Kamun wuya irin wanda kuka gani ba numfashi yake fara tarewa ba, jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gefen wuya yake matsewa. In ya zauna daidai, cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya sume, taurin rai ba ya hana wannan. Kamun hannu kuma gwiwar hannu ake tanƙwarawa ta inda Allah bai yi ta ta tanƙwaru ba. Kafin ka ji zafin da zai sa ka yi ihu, sau da yawa ɓarnar ta riga ta fara. A shekarar 2004 Frank Mir ya kama hannun Tim Sylvia, wanda ya taɓa riƙe kambun masu nauyi. Sylvia bai bubbuga ba, ƙashin hannun ya karye, sai alƙalin wasa ne ya tsayar.

A wannan shekarar dai, Matt Hughes ya kama hannun Georges St-Pierre saura daƙiƙa ɗaya turmin farko ya ƙare. St-Pierre ya bubbuga. Ya koma gida da hannunsa lafiya, ya gyara kuskurensa, ya dawo ya doke Hughes har sau biyu, yau kuma ana lissafa shi cikin gwanayen da wasan ya taɓa gani. Conor McGregor, da duk bakinsa, da Khabib Nurmagomedov, ɗan ƙasar Rasha, ya matse shi a turmi na huɗu a Oktoban 2018, bubbugawa ya yi a gaban duniya.

[Hoto: ɗakin horo, mutane bibbiyu a kan shimfiɗa]

Saboda haka ranar da ka je duba gidan horo, kada madubi da sababbin ƙarafa su ɗauke maka hankali. Tambayi koci: Malam, wace rana kuke gwada juna? 'Yan wasa sifarin suke ce masa. Ka ce kana son ka zauna a gefe ka kalla. Kocin kirki zai ce bismillah, har ya nuna maka benci. In aka ce sai ka biya tukuna za ka gani, ka riga ka sami amsa.

In ka zauna, hannu za ka bi da ido. Da an bubbuga, ana saki nan take, ko sai an ƙara matsawa kaɗan don a nuna isa? Wanda ya bubbuga, ana yi masa dariya? Sannan babban ɗalibi, shi ma yana bubbugawa in ƙarami ya kama shi, ko fuskarsa ke canjawa ya tashi ramuwa? Gidan da manya ke bubbugawa ba tare da jin kunya ba, nan ne za ka koyi abu, don kowa na da damar gwada sabuwar dabara ba tare da tsoron a karya shi ba.

Daga nan sai ka koma kan naushi. Kasa kunne. Gwajin kirki ba shi da ƙara sosai. Za ka ga suna taɓa juna, suna kaucewa, wani ma yana murmushi, koci na tsaye a kansu da agogo yana magana: sassauta, ɗaga hannunka, kai rage ƙarfi. Manyan safar hannu suke sawa, masu nauyin kusan giram 450, ba ƙananan nan na cikin keji masu giram 113 ba. Kowa da robar haƙori a baki. Sabon shiga kuwa ba ya cikinsu ma. Yana can gefe yana koyon tsayuwa, da yadda ake taka ƙafa, da yadda ake faɗuwa ba a bugu ba. Sai ya yi makonni, wani watanni, kafin a haɗa shi da wani, kuma wanda za a haɗa shi da shi gwani ne mai iya riƙe hannunsa.

[Hotuna sun ƙare a nan, fuskar mai magana kaɗai]

Nan ba ni da hoton da zan nuna muku, don abin a cikin ƙoƙon kai yake faruwa. Ku saurare ni kawai.

Ƙwaƙwalwa ba dantse ba ce. Dantse in ka wahalar da shi girma yake yi. Ƙwaƙwalwa in aka jijjiga ta, ba ta ƙara ƙwari, rauni take tarawa. Maganar da ake yi cewa a bar shi ya sha duka kansa ya saba, ba ta da tushe. Hular kariya ma tana tare fashewar goshi da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Wanda aka buga ya ga jiri, ko kansa ya ɗauki ciwo, ko ya yi amai, ko haske ya dame shi, ko ya manta abin da ya faru, ya gama na ranar. Asibiti za a kai shi, kuma ba zai sake karɓar naushi ba sai likita ya ce. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari.

Na taɓa ganin wani yaro, ba zan faɗi gidan ba, bai wuce shekara 17 ba. Yana da ƙafa, yana da ido, duk wanda ya san wasa ya gan shi ya san Allah ya yi baiwa a nan. Wata biyu aka yi ana gwada ƙarfi a kansa. Daga baya na haɗu da shi wajen Ƙofar Ƙaura a kan babur, na ce ina ka shiga? Ya ce yaya, ciwon kai ne ya hana ni karatu, Baba ya ce in bari. Mahaifinsa ya yi daidai. Har yau abin yana ci mini rai, don ba wasan ne ya kore shi ba, rashin sanin mai koyarwa ne.

[Hoto: Max Holloway yana kauce wa naushi]

Wanda ke ganin sassauci ragwanci ne, ya kalli wannan. Max Holloway, tsohon zakara, ya faɗa da bakinsa cewa ya daina gwajin duka a atisaye don ya adana kansa. A Janairun 2021 ya kara da Calvin Kattar a Abu Dhabi, ya sauke masa bugu 445 masu shiga, adadin da ya kafa tarihi a UFC. Ban ce kai ma ka daina gwaji ba, shi ya yi shekaru yana yi kafin ya kai nan. Amma in mai cin abinci da wasan yana tattalin kansa, kai da ke da jarrabawa a gabanka fa?

[Hoto: titunan Katsina da safe, masu gudu a kusa da filin wasa na Muhammadu Dikko]

To yaya, in ban sami gidan da ke koyar da komai a wuri ɗaya ba fa? Kada wannan ya tsayar da kai. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawar makaranta ya fara a Amurka, ya yi shekaru a kanta kafin ya shiga keji, ya ɗauki kambun UFC a Maris ɗin 2019. Israel Adesanya, haifaffen Legas, ta wasan naushi da shuri ya biyo. Khabib, da kokawa ya fara a hannun mahaifinsa a yankin Dagestan na Rasha, faɗa 29 ba a doke shi ba. Kowannensu da ƙafa ɗaya ya fara tsayawa. Ka sami kocin damben zamani na kirki, kama shi. Judo, kama. A ra'ayina, yaron da ya taso yana kokawar gargajiya ya riga ya zo da jari, don ya san yadda ake riƙe ƙugu da yadda ake ƙin faɗuwa. Ɗan dambe kuma ya zo da zuciya da sanin tazara, sai dai a koya masa aiki da hannu biyu da rufe haɓa. Mai cewa na tsufa, Francis Ngannou yashi yake haƙa a ƙasar Kamaru, ya haura shekara 25 kafin ya fara MMA a Faransa, ya zama zakaran masu nauyi a 2021.

[Hotuna da sauri, ɗaya bayan ɗaya]

Sauran a gurguje. Tambayi koci wa ya koya masa, kuma ina ɗalibansa suka taɓa yin gasa. Wanda ya sani ba ya jin haushin tambaya. Sunkuya ka dubi shimfiɗa, in ba a goge ta kullum, makero za ka kwasa. Ba a hawanta da takalmi. Akwatin agajin gaggawa yana nan? Ruwan sha fa? Biya na wata ɗaya tukuna, kada ka zuba na shekara. Robar haƙori ita ce farkon sayayya, kuma ba a aron ta. Yanke farce. Kwana uku a mako ya ishi mai farawa. A zafin Afrilu, da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Da azumi, bayan an sha ruwa. Duk wanda ya ce ka naɗe jikinka da leda ka yi gudu a rana don rage nauyi, kada ka saurare shi, ƙoda ake kashewa a haka. Ka sanar da iyaye, in da hali ka je da babban yayanka ya gani da idonsa. Ƙannena mata masu tambaya, ku nemi inda aka ware muku lokaci da mai koyarwa mace, ma'aunin kuma ɗaya ne da na maza.

[Hoto: hannun nan dai, a hankali, yana bubbuga cinya]

Ranarka ta farko a kan shimfiɗa, kafin a koya maka naushi ko ɗaya, ka ce wa koci ya nuna maka wannan. A jikin abokinka ake bugawa, inda zai ji, ba a ƙasa can nesa ba. Sau biyu ko uku, da ƙarfi. In hannuwanka duka a kame suke, buga da ƙafa. In ƙafar ma ta maƙale, buɗe baki ka ce tsaya, yadda duk ɗakin zai ji.